Tukwanen Kabarin Ɗantani

A shekarar 2009 Fesbuk ya iso mana Zuru, kuma ta ƙofar shagon Markus ya shigo, wani ɗan kafen intanet da ke bayan tasha, mai janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Kafin hoto ɗaya ya gama buɗewa sai ka cinye ƙullin gyaɗa ka karkaɗe hannu. Duk da haka wurin ba ya rabuwa da mutane. Ni Ishaya kabu-kabu nake yi, kuma inuwar shagon ce matsayata, don haka duk abin da aka karanta a ciki da ƙarfi a kunnena yake sauka.

Abin da ya sa Fesbuk ya kama mu ba wani abin mamaki ba ne. Kusan kowane gida a ƙasar nan yana da soja. 'Ya'yanmu suna barikin Kaduna, suna Jos, suna Legas, wasu ma an kai su Darfur, kuma kowannensu yunwar labarin gida yake ji. Labarin da ya fi yi musu daɗi kuwa shi ne na ƙungiyar ƙwallon kwalejin garinmu, musamman na mai lamba tara, Philemon Abel, ɗan ƙauyen Manga.

Yaron ya iya ƙwallo, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Sai dai bakinsa ya fi ƙafarsa gudu. Duk wasan da za a yi, sai ya shigo wajen Markus ya rubuta a shafinsa yawan ƙwallayen da zai zuba, har da gefen ragar da zai saka su. In ya cika alkawari, sojojinmu su yi ta zuba masa kirari daga nesa. In bai cika ba, ya ce rana ce ta shiga idonsa, su kuma su yarda. Mun lalata yaron nan da yabo, shi ma bai taɓa cewa ya isa ba.

Da damina ta ja baya aka sa wasa tsakaninmu da wata kwaleji daga Birnin Kebbi. Magoya bayansu suka gano shafin Philemon suka yi masa dirar mikiya. Wani ya ce ya koma gona, dawa na jiransa. Wannan bai dame shi ba, ya ma yi dariya. Wanda ya soke shi shi ne wani da ya rubuta cewa mu mutanen kan dutse ba mu da wani tarihi sai ɗaukar bindigar gwamnati. Na ga fuskarsa lokacin da ya fito daga shagon. Ya ce, "Yaya Ishaya, gobe za ka kai ni Manga. Ba cikin gari ba, sama."

Washegari da hantsi na ɗauke su su biyu, shi da Muntaka, golan ƙungiyar, wani dogon Bakabe mai sanyin hali, wanda ya aro kyamara wurin mai ɗaukar hoton biki. Muka bar babur a gindin wata ɗorawa muka hau da ƙafa.

A saman dutsen nan ne tsohon gari yake, inda kakanninmu suka zauna kafin a sauko ƙasa. Gidajen sun rushe tuni, kaburbura ne kawai suka rage. A al'adarmu ta dā, in namiji ya yi fice a noma ko farauta ko kokawa, mata sukan gina tukwane na musamman a jera a kan kabarinsa. Ba kowa ake yi wa ba. Kakan Philemon, Ɗantani, ɗan kokawa ne da aka ce bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba, kuma matarsa, Kaka Saloma, ita ta gina nasa da hannunta tun kafin ta shiga coci. Bayan ta shiga ma ba ta daina hawa ba. Sau ɗaya a shekara, in an gama yankan dawa, takan ɗauki 'yar ƙwaryarta ta hau ta gaishe shi. Fasto ya sani, yakan dai kau da kai.

Ban taɓa son wurin nan ba, kuma ranar ma ban so shi ba. Tukwanen na zaune cikin da'irar duwatsu, jajaye, ruwan shekaru ya yi musu baƙi a kafaɗa. Ƙanana suna da siffar dabbobi. Babbar tana tsakiya, ta kai ƙugun mutum, da kan mutum a samanta, fuskar ta ɗaga sama, baki a buɗe. In iska ta taso sai ta shiga bakunan, wani sauti ya riƙa fitowa a hankali, kamar mutane da yawa na gunaguni a wani ɗaki da aka rufe. Ni dai takalmina na tsura wa ido.

"Wallahi wurin ga bai kwanta min ba," in ji Muntaka. "Mu ɗauka mu tahi."

"Tsoro kake ji?" Philemon ya ce yana dariya. "Kakana ne fa. Ba ya cin baƙi."

Ya sa rigar wasansa, ya tsaya a gaban babbar tukunyar, ya ɗora ƙafa a kan ƙwallo, ya harɗe hannu. An ɗauka ya fi a ƙirga kafin ya samu wanda ya gamshe shi. Da yamma hoton ya hau Fesbuk, da rubutu a ƙasansa: "Wannan kabarin kakana ne Ɗantani, wanda ba a taɓa kayarwa ba. Jininsa ne a ƙafata. Masu cewa ba mu da tarihi, ranar Asabar ku zo da kwando."

Ai kuwa shafin ya kama da wuta. Wani kofur daga Darfur ya rubuta cewa ya yi hawaye, rabonsa da ganin irin tukwanen nan tun yana yaro. 'Yan coci suka ce ɗan mai bi bai kamata ya jingina da gumaka ba. 'Yan Birnin Kebbi suka ce to ga shi ya tona kansa, ashe da tsafi yake cin ƙwallo. Markus sai da ya ƙara benci a waje saboda masu jiran layi.

Cikin wannan hayaniya wani baƙo ya shigo. Babu wanda ya san shi, hoton fure ne a shafinsa. Da Turanci mai ladabi ya rubuta cewa shi mai sha'awar tarihi ne, bai taɓa ganin abu mai kyau haka ba, a wane gari yake? Kafin kowa ya amsa, wani saje ɗan Dabai da ke Jos ya ce ai a Dabai ne, ya gane dutsen.

Nan fa aka taɓo mutanen Manga. A ɗauke musu Ɗantani a kai Dabai da rana tsaka? Kowa ya zo da hujjarsa. Kuma mu mutanen ƙasar nan, in baƙo ya tambaye mu hanya ba ma nuna masa da leɓe, sai mun kusa raka shi har ƙofa. Wani ya ce in ka wuce famfon burtsatse ka yi hagu. Wani ya ce mota ba ta wuce gindin ɗorawa. Wani ya gyara masa, ya ce a bi ta busasshen rafi ya fi sauƙi. Wata ma ta ƙara da cewa kada baƙo ya ji tsoron kare, babu mai zama a can sama, ko makiyaya ba sa hawa. Philemon da kansa ya rufe maganar: "Manga ne. Mai shakka ya zo ya gani, ba ƙofa ba kwaɗo." Baƙon ya yi godiya ƙwarai, ya ce lallai mu mutanen kirki ne.

Ranar Asabar Philemon ya zuba ƙwallo biyu, muka ci wasa. An ɗauke shi a kafaɗa daga fili har bakin kasuwa. Ni kaina na yi ta danna oda har batirina ya kusa mutuwa.

Ba a yi wata guda ba, wata mata da na ɗauko daga Manga da itacen girki ta ce mini shekaranjiya ta ga farar mota a gindin ɗorawa, bayanta cike da katifu. Ta ce ta yi mamaki, wa zai kai katifa inda babu gida? Ni kuwa na san da katifa ake naɗe kayan da ake gudun su fashe. Ina sauke ta na wuce kwaleji, na samu Philemon a filin atisaye na ce ya hau.

Tun kafin mu kai sama na san abin da za mu tarar, domin iska na kaɗawa amma babu wannan gunagunin. Shiru kawai. A cikin da'irar duwatsun babu komai sai zagayayyun alamu a ƙasa, inda kowace tukunya ta zauna shekara da shekaru, ƙasar wurin fara tas, 'yan ƙwari na gudu suna neman mafaka. Ƙarama guda ta fashe wa ɓarayin, sun bar gutsattsarin. Sun yi aikinsu da natsuwa, ko ciyawa ba su tattake da yawa ba.

Philemon ya durƙusa ya ɗauki gutsure ɗaya. Ya jujjuya shi a tafin hannu. Da ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kada Kaka ta ji."

Na dubi gonakin da ke ƙasa. Dawa ta riga ta fitar da kai, ta fara ja. Da an yanke ta tsohuwar za ta ɗauki ƙwaryarta, kuma mu biyun mun san haka.

Muka koma wajen Markus ya buɗe hoton. Shafin mai furen ya ɓace, tambayarsa ma ta ɓace tare da shi. Amsoshin mutanenmu ne kawai suka rage a jere, ka yi hagu, ka bi ta rafi, babu kare, suna ta yi wa wanda babu shi kwatance. Markus ya karanto su ɗaya bayan ɗaya. Har yau in na wuce famfon nan sai na ji kamar wani na bayana yana bin kwatancen.

Philemon ya rubuta roƙo, karo na farko da na ga rubutunsa babu fankama. Ya ce an sace tukwanen kakansa, duk wanda ya ga wani abu ya taimaka. Ya ɗauka mutanen da suka ɗauke shi a kafaɗa za su tashi tsaye. Wasu kam sun yi jaje. Amma yawanci juyowa suka yi kansa, har da waɗanda suka yi kwatancen da hannunsu. Kofur ɗin Darfur ya ce yaron banza ya tallata kabari kamar kayan gwanjo. Wani ya ce kada a ruɗe mu, shi ya sayar, hoton talla ne tun farko. Wannan maganar ita ta zauna, don ta fi daɗin maimaitawa. Kafin mako ya zagayo, sunansa a gari ya koma Mai Sayar da Kaka.

Ya nema iyakar ƙarfinsa. Na kai shi tasha ya tafi Kontagora, ya tafi Yawuri, yana tambayar masu sayen tsofaffin kaya. Kowa ya ce bai gani ba. Wani dattijo ya gaya masa gaskiya, ya ce irin wannan kaya ba ya kwana a ƙasa, ya haƙura.

Ƙwallo kuma ta ƙi shi. Sai a ba shi ita shi da gola, ya tsaya kamar an kira sunansa daga baya, ya buga ta sama. Muntaka ya tambaye shi, "Kai mi ke damunka? Ƙwallon ga ko makaho ya ci ta." Ya ce duk lokacin da ya ɗaga ƙafa sai ya ji wannan sautin na kan dutse a kunnensa. Ban sani ba ko maganar ce ta fita, ko kuwa shaiɗancin 'yan kallo ne kawai. A wasa na gaba da ya zubar da ƙwallo, wasu samari a bayan raga suka ɗaga fuskokinsu sama, suka buɗe baki, suka fara gunaguni a hankali. Na kusa da su suka ɗauka. Kafin ka ce me, duk gefen filin ya zama fuskoki a sama da bakuna a buɗe, da rana tsaka, ba mai dariya. Kuma namu ne, ba baƙi ba. Na ji tsoro, na ji kunya, na tura babur ɗina na bar wurin. Koci ya cire shi kafin a tafi hutun rabin lokaci.

A Fesbuk ma haka. Kullum sai an samu masu shiga ƙarƙashin hoton su rubuta dogon "uuuuu" su fita. Mahaifinsa ya bugo waya daga bariki, ya ce abin ya kai har wurin aikinsa, in bai cire hoton nan ba kada ya ƙara kiransa uba.

Da la'asar ya shigo wajen Markus ya zauna. Markus ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Ka tabbata? In ka goge ya tafi fa. Ni kwamfutocin nan na wanke su saboda bairos, cutar nan ta na'ura, babu komai a ciki. Mai kyamara ma ya zuba hotunan biki a kai tuni."

"Ya tafi ɗin," in ji Philemon. "Shi ya jawo mini duk wannan."

Ya danna. Hoton ya tafi da zagin da kwatancen gaba ɗaya. Ya fito yana sauke numfashi, ya ce mini yau dai zai yi barci.

Aka yanke dawa. Kaka Saloma ta aiko a kira ni, ta ce gobe zan kai ta gindin ɗorawa kamar kullum. Na gaya wa Philemon. Da safe na same shi a ƙofar gidanta, ya rame, idanunsa sun faɗa. Ta hau bayana riƙe da ƙwaryarta a rufe da faifai, shi kuma ya biyo mu a kan keke.

A gindin ɗorawa ya tare gabanta ya durƙusa. "Kaka, kada ki hau. Akwai maganar da ban gaya miki ba."

Da yarenmu C'lela ta amsa masa, don ba ta ɓata Hausarta a kan 'yan gida. "Tashi. Ka ɗauka matan da ke zuwa niƙa ba su da baki? Na ji tun dawa na tsaye."

"To me za ki je yi?"

"Tukwane aka ɗauka. Shi yana nan."

Ta hau a hankali, tana dafa duwatsu, ta ƙi a riƙe ta. Da muka kai ta tsaya a bakin da'irar ta dubi alamun. Ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta zuba abin da ke cikin ƙwaryar a ƙasa, ta yi 'yan maganganunta ƙasa-ƙasa, ta gaya masa an samu dawa bana, ta gaya masa wanda ya mutu da wanda aka haifa. Sannan ta matsa ta zauna a gaban babbar alamar ta tsakiya, ta sa tafin hannu a kan farar ƙasar. Na fara jin sanyi a raina, na ce ashe abin zai zo da sauƙi.

"Philemon," ta ce, ba ta juyo ba. "An ce ka ɗauke shi a hoto, har mutanen Legas sun gani. Ka kai ni wurin na'urar nan in gani."

Ya dube ni, na dubi ƙasa.

"Na goge, Kaka."

"To a sake fito da shi."

"Ba ya fitowa. Babu shi ko'ina."

Sai a lokacin ta juyo. Ta dube shi kamar bai yi magana da yaren da ta sani ba.

"Kakanka bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba," ta ce. "Babbar nan, ba fuskar kowa da kowa na yi mata ba. Cikin kwanakin makoki na gina ta, lokacin fuskarsa na nan a hannuna. Yanzu ta daɗe da fita daga kaina. In na rufe ido ba na ganinsa. Duk shekara in na hau na dube shi sai ta dawo, in sauka da ita, ta kai ni wata shekarar."

Philemon ya matso bayanta ya tsaya.

"Ba komai," ta ce, muryarta ta yi laushi, kamar mai lallashin yaro. "Kai ne ka gan shi a ƙarshe, kuma an ce kullum kana wurin na'urar kana kallo. Kunnensa ɗaya a tsage yake, a wurin kokawa aka tsaga shi, haka na gina. Tun da na ji labarin nake nema a kaina na kasa. Na hagu ne ko na dama?"

Yaron nan ya kalli hoton nan ya fi sau ɗari. Na gan shi da idona yana matso da fuska jikin gilashi, yana duba yadda rigar ta zauna masa da yadda ƙafarsa ta hau ƙwallo. Na ga yana lalube a cikin kansa. Da ya ga dama da ya ce hagu, ko ya ce dama, ba wanda zai ƙaryata shi a duniya. Bai iya ba.

"Ban duba ba, Kaka," ya ce.

Ta juyo gare ni. Ni ma ban sani ba.

Ta mayar da fuskarta ga farar ƙasar. Ta ɗaga hannu ta taɓa kunnenta na hagu, ta ɗan jira. Ta sauke, ta taɓa na dama, ta sake jira. Rana ta yi sama, muna tsaye a bayanta, ba ta daina ba.